Cinikin Dalma a Anacha

Akwai ciniki guda da na yi a rayuwata wanda ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah. Na fi shekara hamsin ina saye da sayarwa, an cuce ni, ni ma ba zan rantse ban taɓa cutar kowa ba, amma duk waɗannan sun shuɗe, ko tuna su ba na yi. Wannan ɗaya ne ya ƙi barina. Cinikin dalma ne, laba tamanin, a garin Anacha, a shekarar da ƙasar nan ta rikice, 'yan watanni kafin a fara yaƙin basasa.

A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai. Muna zaune a zangon Hausawa da ke gangaren kogi, ni da matata da 'yarmu ta goye. Sana'ata sayen tsofaffin ƙarafa. In ɗaure buhu da sikelin ratayawa a bayan keke in yi ta zaga gari, inda na ga tagulla ko sanholo in taya. Amma dalma ce ta fi kawo mini kuɗi. Ina samunta a mataccen batirin mota da tsofaffin bututun ruwa, in kai wa masunta, Nufawa da namu 'yan Yawuri, su narka su yi ɗan nauyin nan da ake ɗaura wa taru da birgi don su nutse. Ban taɓa sayar wa kowa dalma don wani abu ba wannan ba.

Cikin masu sayar mini akwai wani Ibo mai maɗaba'a, can cikin gari bayan babbar kasuwa. Ɗan ƙaramin shago ne, inji ɗaya wanda ake takawa da ƙafa, yana buga katin biki da rasit da kalanda. Yaran yanzu ba za su sani ba, haruffan ɗab'i na wancan zamani da dalma ake yin su, kowane harafi ɗan sanda ne bai kai tsinken ashana tsawo ba, da hannu ake jera su ɗaya bayan ɗaya. In bakinsu ya cinye sai ya zuba su a gwangwani, duk bayan wata uku ko huɗu in je in auna. Kuɗinmu sananne ne, sisi laba, wato kwabo shida, ba ma ko ja. A Zariya ya koyi aikin, ya yi shekara goma sha ɗaya can, shi ya sa Hausarsa ta fi ta yaranmu da aka haifa a zango. Har dariya yake yi mini wai ina maganar ƙauyen Katsina. Ina ce masa Oga, yana ce mini Malam. Shekara shida muna tare a haka. Ban taɓa taka gidansa ba, shi ma bai taɓa taka nawa ba, amma da aka yi sunan 'yata sai ga kati hamsin ya aiko kyauta, a zangon da masu iya karanta boko ba su wuce uku ba.

Sai labari ya fara zuwa daga Arewa. Da farko a rediyo muke ji, daga baya muka riƙa gani da idonmu. Zan faɗi gaskiya tun da tsufa ya zo, abin da aka yi wa Ibo a garuruwanmu ba abin da Musulmi zai ji ya yi murna ba ne. Na tsaya a tasha na ga ana sauke su, mata ba ɗankwali, maza an ɗaure musu kai da tsumma, yara sun bushe da kuka har murya ba ta fita. Duk motar da ta sauke, garin sai ya ƙara ɗaukar zafi. Matan da muke sayen gari da manja a wurinsu suka daina amsa gaisuwa. Wani mahauci ya iso mana daga unguwar Coal Camp ta Inugu da riga ɗaya a wuyansa. Wasu 'yan dako biyu suka zo daga Fatakwal, suka ce su biyar ne a ɗakinsu, ba su san inda ukun suke ba.

Ranar wata Talata da hantsi sarkin zango ya tara magidanta a zaurensa. Ana cikin shawarar yadda za a samu motar fita, sai wani dattijo da muke kira Baba ya yi gyaran murya. Tsohon maharbi ne, shi ke gadin garken shanun mahauta. Ya ce yana da bindigar toka uku, yana da albarushi, harsashi ne babu.

"Ba don mu kashe kowa ba, ranka ya daɗe," in ji shi. "In suka zo suka ji ƙara sau biyu za su ja da baya, mata su samu su kai bakin ruwa."

Sarkin zango ya dubi Baba. Can ya ce, "Bindiga uku, Baba, a gaban gari guda?"

"Ta fi hannu wofi."

Mutane suka yi ta gyaɗa kai, don kowa tsoro ya cika masa ciki. Da aka zo maganar inda za a samu dalma, duk zauren ya juyo yana kallona. Tawa ta ƙare, na sayar wa masunta tun farkon wata. Na ce na san inda zan samu. Nan take aka yi karo-karo aka haɗa fam uku aka damƙa mini.

Da na shiga gida ɗaukar keke, matata ta tsaya a bakin ƙofa da yarinya a baya. Ta ce, "Maigida, kada ka shiga gari yau." Na ce mata zuwa da dawowa ne, kafin azahar ina gida. Na cire hula na cusa a aljihu, sai ka ce hular ce kaɗai ke nuna ko ni wane ne, alhali ga tsaga a fuskata.

An yi ruwa da safe, hanya duk taɓo. Ban taɓa jin tsawon hanyar nan kamar ranar ba. Ba wanda ya tare ni, ba wanda ya ce mini uffan, kallo kawai. Duk inda na gitta sai hira ta tsaya. Kafin in kai maɗaba'ar rigata ta jiƙe da gumi, kuma bayan tsoron akwai wani abu da ya taru mini a ƙirji, haushi ne. Ina cewa a raina, ni me na yi musu?

Na tarar da ƙofar shagon a saye. Na tura na shiga da keken. An lulluɓe injin da buhu, Oga na zaune a kan benci, gemu ya fito masa, ido ya yi ja. A ɗan ɗakin baya inda yake ajiye takarda na hango yara uku zaune a ƙasa, da wata mace kwance tana nishi, an naɗe mata hannu da zane. Wari na tashi daga wurin.

Ya ɗago ya dube ni. "Malam, kai ne? Yau ka ga ranar fitowa?"

Muka gaisa a gajarce. Na tambayi masu ɗakin baya. Ya ce matar ƙaninsa ce da 'ya'yanta, shekaranjiya suka iso. Ƙanin yana aikin reluwe a Arewa, kuma bai zo tare da su ba. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce Allah ya sawwaƙe. Sannan na ce dalma nake so, da yawa.

"Masunta sun janye jiragensu tun makon jiya," in ji shi. "Wa zai ɗaura wa taru dalma yanzu?"

Na ce wasu ne za su hau Lakwaja da ita. Ya zuba mini ido har sai da na sunkuyar da kai.

"Bari, kada ka gaya mini," ya ce. "Ba na son in sani."

Ya tashi ya girgiza gwangwanin tsofaffin haruffa, abin da ke ciki bai kai laba goma ba. Sannan ya jawo manyan akwatuna biyu masu gida-gida daga ƙarƙashin tebur. Waɗannan su ne haruffan da yake aiki da su, masu kyau, waɗanda ko taɓa su ba ya bari a yi da hannu mai datti.

"Wa zai buga katin biki a garin nan yanzu?" ya ce. "Laba tamanin ne, na san nauyinsu. Kwabo takwas laba. Kuɗin da na sayo su ya fi ninkin wannan sau uku. Ba ni kuɗin in juye maka a buhu, ka fita ta ƙofar baya."

To, nan ne wurin. Kuɗin na aljihuna, zai biya abin da ya ce har a ba ni canji. Ba ma nawa ba ne, kuma ba wanda ya ce in yo ragi. Da na miƙa masa, da cikin minti biyar na bar wurin ba wanda ya san abin da ke cikin buhu. Amma tun da na fara sana'a ban taɓa sayen abu a kuɗin farko ba. Kuma na ga matar nan, na ji warin hannunta, na gane mutumin nan a matse yake. Ɗan kasuwa in ya hango matsi a fuskar mai kaya, akwai wani abu da ke motsa masa a ciki. Ya motsa mini.

Na ce, "Kwabo huɗu."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. "Tsofaffin ma sisi kake saye."

"Wancan lokacin akwai masu saye a hannuna. Kuma sabo da tsoho, in sun shiga wuta duk ɗaya ne. Ka kuma san ta ɗab'i ba zalla ba ce, da gauraye a ciki."

"Malam, shekara shida ba ka taɓa ce mini da gauraye ba."

"Yau na ce."

Ya sauko bakwai. Na hau huɗu da ɗari, wato da rabin kwabo. Sannan na ce ni ban yarda da laba tamanin ba sai na auna da sikelina. Cikin shagon da duhu tun da ƙofa a rufe take, na ce ba na ganin allurar sikeli. Na buɗe ƙofar gaba na fita baranda, inda akwai wata ƙusa da na saba rataya sikelin.

Ya biyo ni da sauri, ya yi ƙasa da murya. "Ka yi wa Allah, Malam, ba a waje ba. Ba yau ba."

Ni kuwa sai na ɗauka wani abu yake ɓoyewa, ko nauyin bai cika ba. Na ce a rana ake awo.

Na sha tambayar kaina me ya hau kaina ranar. Ba talauci ba ne, ba kuma rashin sanin halin da ake ciki ba ne, tun da ni na ratso garin. Abin da na gano bayan shekaru shi ne, duk duniyar ta kuɓuce mini, ban san ko za mu kwana da rai ba, ciniki ne kaɗai abin da na iya, sai na rungume shi. Akwai kuma na biyu, wanda ya fi muni. Kallon da aka yi ta yi mini a hanya ya cika ni, ina son in rama a kan wani daga cikinsu. Wanda na samu kuwa shi ne mutum ɗaya tak da bai yi mini wannan kallon ba.

Na shimfiɗa buhu a baranda muka juye akwatunan. Haruffa suka zubo suna ƙyalli. Na tsuguna ina tsince 'yan sandunan tagulla da guntayen katako da ake cusawa tsakanin layi, wai kada a auna mini su a kuɗin dalma. Duk abin da na tsince bai cika tafin hannu biyu ba. Na riƙa ɗiba kashi-kashi ina ratayawa ina karantawa da ƙarfi. Shi yana tsaye a bakin ƙofa, yana duban titi yana duban ni. Kusan awa guda muka ɗauka. Da na haɗa lissafi, laba tamanin cif, yadda ya faɗa.

Ban lura da sa'ad da mutane suka fara taruwa ba. Da na ɗaga kai akwai kamar goma a bakin kwata, mai gyaran agogo na maƙwabta da wasu mata da 'yan samari, sun yi cirko-cirko. Bahaushe a tsakiyar gari a irin wannan rana, tsugune yana awo hankali kwance. Duk da haka ban bari ba. Na ce kwabo biyar, in bai yi ba in tafi.

Daga ciki matar ta yi wani nishi mai tsawo. Ya rufe ido ya buɗe. Bai ce ya sallama ba, bai ce Allah ya ba da riba ba kamar yadda ya saba. Cewa ya yi, "Ɗauka." Na ƙirga masa fam ɗaya da sule goma sha uku da kwabo huɗu. Bai duba ba ya tura a aljihu. Fam guda cur na rage masa a kan abin da ya nema.

Muna cikin ɗura haruffan a buhu sai wani mutum ya ratso taron. Dogo ne, an naɗe masa kai da bandeji, kunne ɗaya a rufe. Ya tsaya a kaina ya yi magana da Hausar Kano tsantsa, wadda ta fi tawa.

"Sannu da aiki, Malam. Me za a yi da dalma haka?"

Na ce ta masunta ce.

"Shekara ashirin na yi a Arewa," in ji shi, a hankali, ba faɗa. "Na zauna da maharba. Na san abin da ake yi da dalma in ba a kamun kifi."

Ya juya ya faɗa wa taron da harshensu. Ina jin Ibo kaɗan-kaɗan, na tsinci kalmar bindiga. Nan wurin ya ɗauki hayaniya. Oga ya shiga tsakani yana magana da ƙarfi, yana nuna ɗakin baya, yana nuna ƙirjinsa. Mai bandejin ya nuna shi da yatsa ya faɗi wata kalma da ban sani ba, amma na ga yadda fuskar Oga ta canja. Da hannunsa ya ɗora buhunan biyu a bayan kekena ya ɗaure. Yana ɗaurewa yana magana ba tare da ya dube ni ba.

"Kada ka bi ta kasuwa. Bi ta bayan coci ka gangara. Kada ka tsaya ko an kira ka."

Wani saurayi ya riƙe kariyar keken, Oga ya buge masa hannu. Na taka na tafi. Ban yi masa sallama ba.

Da na isa zango na sauke buhunan a zauren sarki, na ajiye canji a gabansa, har da 'yar fankama nake faɗin yadda na karya kuɗin daga takwas zuwa biyar. Sarkin zango bai dubi kuɗin ba. Ya ce, "Wa ya gan ka?"

Na fara kame-kame. Ya sake tambaya. Na faɗa masa duka, da barandar, da taron, da mai bandeji. Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce a ɗauki buhunan da bindigogin uku a kai su kogi yanzu, kada a bar ko ƙwayar albarushi a zango. Baba ya yi gardama, ya ce in an zo a same mu da su ya fi a same mu babu. Sarki ya ce ya riga ya yi magana. Kafin la'asar wani Banufe ya shiga da su tsakiyar ruwa a kwalekwale ya zubar. Dalmar nan ko wuta ba ta gani ba.

Amma magana ta riga ta fita. Wata tsohuwa da ke kawo mana itace ta zo a ɓoye da yamma, ta ce a cikin gari ana cewa Hausawa sun sayi harsashi mota guda, wai za su buɗe wa kasuwa wuta. Buhu biyu a bayan keke sun zama mota kafin rana ta faɗi. Aka aika wa 'yan sanda a roƙi motoci, suka ce sai gobe.

Washegari rana ta ɗan ɗaga suka zo. Muna jin su tun daga nesa. Na ja matata da yarinya muka gangara bakin ruwa, na tura su ƙarƙashin wani kifaffen jirgi da ake gyara, na kwanta a gefe cikin laka. Matata ta toshe bakin yarinyar da nono. Daga nan ina hango ƙofar zango. Sarki ya fita da hannuwansa a buɗe yana rantsuwa babu bindiga. Ba wanda ya yarda, don akwai waɗanda suka ga awo da idonsu. Suka ture shi suka shiga suna fasa ɗakuna suna neman harsashi. Rashin samun ya ƙara tunzura su, suka ce an ɓoye ne.

Baba bai gudu ba. Ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar garke ya zauna da carbi, ya ce shi ya tsufa da gudu. Wani ya nuna shi ya ce wannan ne maharbin. A nan kan buzun suka gama da shi. Suka kashe wani tela da ya tsaya kare kekensa na ɗinki, da ɗaya daga cikin 'yan dakon nan biyu da suka tsero daga Fatakwal. Wajen azahar 'yan sanda suka iso da manyan motoci uku, suka kora taron, suka ce kowa ya hau da abin da ke jikinsa. Mun roƙa a bar mu mu yi wa mamatan sutura, suka ce babu lokaci. A nan muka bar su.

Hanyar gada ta bi ta bakin layin maɗaba'ar. Ina tsaye a bayan mota na leƙa. An fasa ƙofar, hayaƙi na fita ta taga, an jawo injin waje an kayar da shi a kwata, takardu sun watsu a kan jiƙaƙƙen titi. Ban gan shi ba. Na ce wa kaina ya gudu, kuma da wannan na riƙa lallashin zuciyata duk tsawon yaƙin. Cikin mutanen zangonmu ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce ni na jawo. Sarki ma har ya rasu bai tayar mini da maganar ba. Sai dai in muka haɗu a masallaci gaisuwar ba ta wuce biyu.

Bayan an gama yaƙi da kamar shekara biyu na koma Anacha tare da fataken shanu. Garin ya ci wuta, ban gane wasu layukan ba. Inda maɗaba'ar take sai bango biyu da ciyawa. Mai gyaran agogon nan yana nan, ya rame, ya gane ni amma bai nuna ba. Da na tambaye shi Oga, sai ya kwatanta mini wata rumfa a kasuwar wucin gadi, ya ce in tambayi matarsa.

Na same ta tana sayar da gishiri da busasshen barkono. Ban taɓa ganinta ba, amma ina cewa ni ne mai sayen dalma ta ajiye gwangwanin awo. Ita ma ta zauna a Zariya, da Hausa ta yi mini magana.

"Kai ne Malam ɗin," ta ce. "Zauna."

Ban iya zama ba. Ina tsaye ta ba ni labarin. Ta ce babban asibiti ya cika ranar, sai wani likita mai zaman kansa ya ce zai yi wa matar ƙanin aiki a hannu in an kawo fam biyu da sule goma. Shi ya sa ya ce kwabo takwas. Ya yi lissafinsa tun kafin in gama tambaya. Bayan na tafi ya kulle shago ya ɗauki matar ya kai ta, kuɗin bai kai ba, aka ce ya je ya ciko. Ya bar ta a barandar likita ya dawo shago ɗaukar sauran takarda ya sayar. A nan ya tarar ana jiransa. Suka ce ya sayar wa waɗanda suka kashe ƙaninsa harsashi. Suka rufe shi da duka. Kwana uku ya yi a kwance sannan ya cika. Matar ƙanin ta bi shi cikin makon. Yaran uku ita ta riƙe su, biyu suka fita daga yaƙin da rai.

Na sa hannu a aljihu na fito da duk abin da ke ciki, ban ma san nawa ba ne. Ta dubi kuɗin ta dube ni.

"Mai da kuɗinka, Malam. Me zan saya da shi?"

Na ce ta yafe mini. 

"Bai zage ka ba," ta ce. "Na zage ka a gabansa, ya ce in bari, tsoro ne ya sa ka haka."

Wata mata ta zo sayen gishiri, ta juya tana auna mata. Na ɗan ƙara tsayawa, sannan na tafi.

Malamai sun gaya mini kowa da kwanansa, kuma na yarda. Na kuma san ba ni na ɗaga sanda na doki kowa ba. Amma na san abin da na yi. Mun ji tsoro muka nemi abin kisa, shi ya kira mana kisan har gida. Ni kuma na samu mutum cikin wahala, na ga wahalar, na mai da ita riba. A da ina ɗauka kuɗin gaskiya shi ne mafi ƙanƙantar abin da mai kaya zai yarda ya karɓa. Ba haka ba ne, mutumin da ke cikin matsi zai yarda da komai, yardarsa ba ta halatta maka. Tun daga ranar, in wani ya kawo mini kayan da yake cin abinci da su zai sayar, ba na fara tambayarsa nawa. Sai na tambaye shi me ya faru.